Hannun Daman Wilkin

"Mami, me ya sa Yaya Wilkin yake cin abinci da hagu?"

Yamilet ce ta jefo tambayar, 'yar shekara shida, bakinta cike da shinkafa da wake. Da a kunnen uwarta ta raɗa, da abin ya zo da sauƙi. A tsakiyar tebur ta ajiye ta, ranar Laraba da rana tsaka, ranar da uwar, Fiordaliza, ta yanka kaza ta fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti, saboda baƙi biyu. Na farko Don Eladio, mai horar da yara ƙwallon besbol a filin da ke bayan injin rake na garin Consuelo, wanda ya ɗauki Wilkin tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Na biyu Señor Peguero, wakilin wata ƙungiyar besbol ta Amurka, mutumin da duk uwar da ke da ɗa a fili take roƙon Allah ya kawo shi ƙofar gidanta.

Cokalin Wilkin ya tsaya a hanya.

"Ke dai sarkin surutu," in ji shi. "Dama ta jifa ce, hagu ta ci. Raba musu aiki na yi."

Don Eladio ya kwashe da dariya har da buga tebur. "Kun ji ɗan duniya! Ba zai ƙarar da hannunsa a kan wake ba." Peguero ma ya murmusa, ya ci gaba da fama da cinyar kazarsa. Fiordaliza ta yi dariyar ita ma, don kada a ga ita kaɗai ce ba ta yi ba. Amma idonta ya sauka kan hannun daman ɗanta, yana kwance a cinyarsa ƙarƙashin tebur kamar na aro.

"Tun Lahadi fa," Yamilet ta ƙara. "Har da goge haƙori."

"Ci abincinki," in ji uwar.

Ba kaza ce ta kawo Peguero ba. Uwar yaro ya zo gani. Haka aikinsu yake: ɗan shekara sha huɗu ba abin da yake yau suke nema ba, abin da zai zama suke nema, kuma a jikin iyayensa suke karanta shi. Kafin a zuba abinci sai da ya roƙi Fiordaliza ta cire takalmi ta tsaya a jikin ƙofa. Ya dubi faɗin kafaɗarta, ya ce ta buɗe tafin hannu, ya tambayi lambar takalminta, da tsawon mahaifinta, da na kakanta da ya zo yankan rake daga ƙananan tsibirai. Mijinta Radhamés gajere ne, yana can Bávaro yana shimfiɗa tayil a otal, sai ƙarshen wata yake leƙo gida, shi ya sa duk lokacin da zancen ya doshi uba sai Don Eladio ya yi tari ya sako wata hira. Ita kuwa Fiordaliza, wadda 'yan ajinsu suka yi ta kira Falwaya har ta koyi tafiya a duƙe, ranar miƙewa ta yi sosai. Shekararta talatin da ɗaya a duniya, sai ranar ta ga tsawonta ya yi wa wani rana.

Bayan an ci an sha gahawa, Peguero ya buɗe littafinsa ya nuna mata. Kowane yaro da layinsa, kowane layi da gida uku. Gidan farko, gudun ƙwallon da yaro ke jefawa yau, yadda na'urar awon gudu da suke kira bindiga ta nuna. Na biyu, abin da Peguero ke hasashen zai jefa a ƙarshen kakar wasa, cikin Yuli. Na uku, abin da zai jefa ranar da ya cika sha shida, lokacin da ake sa hannu a takardar kwantiragi. A layin Wilkin duka gidajen fanko ne.

"Asabar za a buɗe kaka," in ji shi. "Zan zo da bindiga. Don Eladio ya ce mil tamanin da biyu a awa yake yi. In na ga tamanin da biyun nan da idona, ga kuma wannan kafaɗa taki, Doña, zan rubuta masa tamanin da biyar a Yuli, casa'in a sha shida. Wanda na rubuta wa casa'in kuwa, ba na bari wata ƙungiya ta ji ko ƙamshinsa."

"In Yuli ta zo bai kai ba fa?"

"Ina kuskure, Doña. Cikin goma nakan ci huɗu. A sana'armu mai cin huɗu gwani ne."

Da baƙin suka tafi, ta tura Yamilet gidan maƙwabta, ta zauna gaban keken ɗinkinta ba ta taka ba. Abubuwa suka riƙa dawo mata. Ƙanƙarar da take daskarwa a leda, wadda kwanan nan take ta raguwa tana ɗora wa ɗauke wuta laifi. Rigar makaranta da yanzu Wilkin yake zurawa ta ka ba tare da ya ɓalle maɓallai ba. Warin man zafi a zanen gadonsa.

"Wilkin, miƙo min gwangwanin maɓallai a saman kabad."

Ya miƙa hagu.

"Da dama."

"Haba Mami, duk ba hannu ba ne?"

"Da dama na ce."

Ya ɗaga. Hannun ya tafi lafiya har daidai kafaɗa, da ya zo miƙe gwiwar hannun sai fuskarsa ta tattare, ya cije leɓe. Ya taɓo gwangwanin da yatsu, gwangwanin ya suɓuce, maɓallai suka watse a siminti har ƙarƙashin gado. Su biyun suka tsaya suna jin na ƙarshe yana juyi har ya kwanta.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne fa."

"Ban tambaye ka ko komai ne ba."

"Sati uku." Ya durƙusa yana tsintar maɓallai don kada ya haɗa ido da ita. "Mami, duk mai jifa a filin nan hannunsa na ciwo. Akwai ƙwaya, ka sha biyu kafin a fara, ba ka jin komai sai yamma. Asabar kawai. In ya rubuta lambar, na rantse zan huta."

"Don Eladio ya sani?"

"Ai ba a faɗa wa Profe. Wanda ya ce hannunsa na ciwo, benci. Wanda ya hau benci kuma an manta da shi."

Alhamis da sassafe ta ajiye ɗinkin mutane, suka hau acaɓa zuwa San Pedro, suka yi layi a asibiti har ƙarfe ɗaya. Likitar ƙashi, wata dattijuwa da ta ga irin wannan gwiwa har ta gaji, ta ɗora hoton ƙashin da aka ɗauka a jikin fitila tana nunawa da biro. Ƙashin yaro mai tasowa bai gama haɗewa ba, in ji ta. Akwai wani ɗan guntu a gwiwar hannu da guringuntsi kawai ke riƙe da shi, kuma duk jifa ɗaya jan sa take yi. Na Wilkin ya fara buɗewa. In ya ajiye ƙwallo wata huɗu, zai koma ya kama da kansa. In ya ci gaba, wata rana zai ji ƙas, daga nan sai wuƙa da ƙusa, kuma ita ba ta yi wa kowa alkawarin hannun zai sake miƙewa.

"Jifa ashirin fa, likita?" in ji Wilkin. "Ashirin kacal."

"Wataƙila ka yi ashirin ɗin lafiya. Wataƙila a ta uku ya tafi. Hoton bai gaya min wannan ba."

Da yamma Fiordaliza ta kira Radhamés. Tana jin ƙarar injin yankan tayil a bayansa. Da ta gaya masa abin da likita ta faɗa, sai ya ce, "Fior, shekara uku yaron nan yana tashi ƙarfe biyar na safe. Asabar ɗaya ce fa." Ba mugun uba ba ne. Gwiwoyinsa sun ƙare a kan simintin otal-otal, abin da yake so kawai kada ɗansa ya gaje shi. Ta ce masa ta ji. Ya ce, "Ke ce a gida. Duk abin da kika yanke." Ta gane kayan ya sauke mata gaba ɗaya, ta kuwa ɗauka.

Juma'a ta sami Don Eladio a fili yana zuba farin alli a layi, tokar gonakin raken da aka ƙone tana sauka a hularsa. Kada wani ya ce mutumin nan azzalumi ne. Yara goma sha huɗu yake ciyarwa sau biyu a rana daga tukunyar matarsa, ya nemo musu takalma, ya kai su asibiti in zazzaɓi ya kayar da su, yana fatan ɗaya ya fita zuwa Amurka ya ja sauran. Shekara shida rabon da ɗaya ya fita.

Ta miƙa masa hoton, ya ɗaga shi a rana, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Doña Fior, likitocin nan ko lafiyayyen doki ka kai musu sai sun samo masa ciwo. Saurara ki ji. Jifa ashirin. Ni da kaina zan shafa masa mai in naɗe. Peguero ya rubuta lambarsa ya yi gaba, sai in ce ina gyara wa yaron tsayuwa, in ɓoye shi wata biyu. Ba wanda zai sani."

"In bai yi jifar ba fa?"

"Akwai wani yaro da za a kawo daga garin Quisqueya, tamanin da uku yake yi. Gurbin mai jifa ɗaya gare Peguero bana. Baɗi Wilkin sha biyar. Kin san me suke kiran ɗan sha biyar da ba a yi magana da iyayensa ba? Tsoho. Tsoho fa, Doña! Yaron da ko gashin baki bai fito masa ba."

Ta san gaskiya yake faɗa, shi ya sa maganar ta yi mata nauyi. Ta tsaya tana kallon rigar da ke jikinsa, mai ruwan toka, wadda ita ta ɗinka masa bara.

"Don Eladio, miƙe hannunka na dama."

"Na'am?"

"Miƙe shi sosai, kamar za ka nuna min hanyar San Pedro."

Ya yi 'yar dariya, bai miƙe ba. Duk Consuelo an san shi da hannun nan lanƙwashe a jikin cikinsa, riƙe da ƙwallo ko kofi ko hula, har mutane sun ɗauka tsayuwarsa ce haka. Yara ma kwaikwayo suke yi don su yi kama da Profe.

"Riga biyar na ɗinka maka," in ji ta, ƙasa-ƙasa don kada yaran su ji. "Ta farko ka dawo da ita ka ce tana cin ka a gwiwa. Tun daga nan nake ƙara inci biyu a bayan hannun dama, ina yanka shi a karkace. Ban taɓa tambayarka ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Amma tef ɗina ya sani."

Ya ajiye gwangwanin allin. Ya dubi tudun da mai jifa ke tsayawa a kai.

"Sha shida nake," in ji shi. "A filin nan. Wani Bature mai malafa ya zo daga babban birni. Lokacin ba bindiga, da ido suke awo. Kawuna ya shafa min mai ya ce jifa kaɗan ce."

"Nawa ka yi?"

"Goma sha ɗaya." Ya sosa ƙeya da hagu. "Goman farkon nan, Doña, ba ki taɓa ganin irinsu ba. Baturen har miƙewa ya yi tsaye."

Bai ce ya yarda ba. Ya ɗauki gwangwaninsa ya ci gaba da zuba alli, layin ya fita a karkace.

Asabar Wilkin ya sa kayan wasansa tun kafin a ɗora ruwan gahawa. Ta laluba aljihunsa ba komai, ta laluba safa ba komai, sai a cikin hula ta sami ƙwaya biyu naɗe a takarda. Ta watsa su a kwata yana kallo. Ba ta hana shi fita ba. Ta saka hoton a jaka, da ɗan littafin awonta, ta kama hannun Yamilet suka bi bayansa.

Filin ya cika. Iyaye mata a inuwar mangwaro, masu soyayyen agade na ta kira, Peguero a bayan raga da bindigarsa. Yaro ya hau tudu ya yi jifa, Peguero ya dubi bayan bindiga ya rubuta, a kira na gaba. Da Don Eladio ya zo kan sunan Wilkin a takarda sai bai kira ba. Wilkin bai jira ba. Ya ɗauki ƙwallo a bokiti ya nufi tudu da sauri, bai waiwayi inuwar mangwaro ba.

Fiordaliza ta riga ta miƙe. Ta ƙudurta za ta shiga filin ta tsaya tsakanin ɗanta da mai cafe ƙwallo, duk gari ya kalla, in ya ga dama ya yi shekara goma yana fushi da ita. Ta kai layin alli ke nan Don Eladio ya ɗago ya gan ta. Sai ya riga ta. Ya tari yaron a gindin tudu, ya buɗe masa tafin hannun nan lanƙwasasshe.

"Ba ni."

"Profe, don Allah..."

"Ba ni ƙwallon, ɗana. Je ka zagaya fili sau goma. Ƙafarka lafiyarta lau."

Ita kuwa ta zagaya bayan raga ta miƙa wa Peguero hoton. Ko ɗaga shi bai yi ba.

"Na sani, Doña. Tun ranar Laraba, kafin 'yarki ta buɗe baki. Da ya zo gaishe ni, hannun ya miƙo kamar mai miƙa ɗanyen ƙwai."

"Kuma da ka bar shi ya yi jifa?"

Ya gyara hularsa, ya kau da kai. "Ni abin da bindiga ta nuna nake rubutawa. Littafin ba shi da gidan ciwo." Ba da gadara ya faɗa ba. Muryarsa ta mai jin kunya ce.

"To ni ma ina da lamba." Ta buɗe littafin awonta, inda ƙugu da tsawon wandon rabin Consuelo suke. "Satumba, wandonsa inci talatin da takwas. Disamba na warware kalmasa, talatin da tara da rabi. Watan jiya na sake warwarewa har yadi ya ƙare, arba'in da ɗaya. Takalminsa ya wuce na ubansa da lamba uku. Yaron nan bai gama tashi ba. Baɗi war haka ya wuce ni, da hannu biyu lafiyayyu. Nawa hasashen ke nan. Ni kuwa a kan wando ba na kuskure shida cikin goma."

Peguero ya yi dariya, ta gaske wannan karon. Ya kwafi lambobinta uku da fensir a gefen shafi. Gidajen nan uku ya bar su yadda suke.

"Ban soke sunansa ba, Doña. Amma ban yi miki alkawari ba. Gurbin bana ya tafi."

Ya tafi kuwa. Yaron Quisqueya ya jefa tamanin da huɗu, Lahadi Peguero ya je gidansu aka tsayar da tasa uwar a jikin ƙofa.

Kwana goma sha biyu Wilkin bai ce wa uwarsa komai ba sai "to" da "a'a". Ta bar shi. Takan ajiye masa abincinsa, ta ɗaura masa ƙanƙara a gwiwa, ya miƙo hannun yana kallon bango. Wata rana tana ɗaurawa ta ga hawaye na bin gefen hancinsa, ta yi kamar ba ta gani ba, ta ƙara ƙulli ɗaya. Ita ma takan yi nata kukan a gaban keke, in ƙarar takawa ta rufe. Kullum Wilkin yakan je fili ya yi gudu, ya yi tsalle, ƙwallo dai Don Eladio bai bari ya taɓa ba. Tsohon kuma ya daina cin abincinsa shi kaɗai a inuwa, ya koma zama cikin yaran yana kallon cokula. Kafin Mayu ya ɗora yara biyu a benci.

Yuli ta zo da nata hukuncin. Yaron Quisqueya ya kai tamanin da takwas, ya wuce abin da aka rubuta masa. Uwarsa ta zo Consuelo neman tela mai hannu, Fiordaliza ce ta ɗinka mata rigar walima, ta kuma yi mata da kyau. Yara biyu da aka rubuta wa ƙari suka tsaya cak inda suke. Wani kuma, daga wani filin, ya zo coci da hannu cikin filasta, uwarsa na gyara masa kwala ba ta kallon kowa.

A ƙarshen watan likita ta sake ɗaukar hoto, ta ce guntun ya koma ya kama, a fara da jifa mai taushi, taku goma, kada a wuce. Washegari da rana suna cin abinci Yamilet ta ajiye cokali ta nuna da yatsa.

"Mami, Yaya ya koma dama!"

"Ke ba ki da aiki sai leƙen bakin mutane?" in ji Wilkin. Ya ɗauki lemun tsami a kan tebur ya wurgo mata a hankali, da dama, gwiwar ta miƙe har ƙarshe. Ta cafe da hannu biyu tana ihu. Fiordaliza ta tashi ta shiga kicin ɗauko gishirin da ke nan a gabanta kan tebur.

Ko Peguero zai dawo baɗi, ba wanda ya sani. Wataƙila ya dawo ya cika gidajen nan uku, wataƙila ya ce sha biyar ta yi yawa ya wuce gaba. Fiordaliza ba ta sani ba, ta dai sayi yadi ta yanka wa Wilkin sabon wando, ta bar kalmasa mai faɗi.

Ke kuma da kike da ɗa a fili, ki ji da kyau. Za su zo da bindigarsu da littafinsu, su tsayar da ke a jikin ƙofa, su gaya miki abin da ɗanki zai jefa a Yuli. Ki ba su gahawa, ki saurara, mafi yawansu ba mugaye ba ne. Amma littafin nan ba shi da gidan ciwo, ɗanki kuma ba zai faɗa miki ba, ko kin tsare shi da rantsuwa. Ki zauna kusa da shi in yana cin abinci, ki duba hannun da ya ɗauki cokali. Ranar da kika ga ya canja, kada ki bar shi ya hau tudun nan, ko jifa ɗaya ce aka ce miki.